Wata bakwai ina cin tuwon dare a gidan wata Hajiya a Aboabo

Salamu alaikum jama'a. Kwanan nan mutum uku daban-daban sun tare ni suna tambaya wai ina nake shiga bayan magariba, an daina ganina a bencin mai shayin bakin layinmu, wani ma har cewa yayi ko aure na sake ban gaya wa kowa ba. Ba aure bane. Wani gida ne a unguwar Aboabo, nan Kumasi, da wata Hajiya ke dafa wa mazan da ke zaune su kaɗai abincin dare, gwauraye da tuzurai da waɗanda iyalinsu ke can arewa, ana biyanta wata-wata. Wata na bakwai kenan ina ci a wurin, toh naga ya kamata in rubuta abinda idona ya gani, mai daɗin da mara daɗin, don nasan irina suna da yawa a Zangon Kumasi kuma ba mai yi musu wannan maganar.

Sai na fara da abinda ya kai ni, in ba haka ba ba za ku gane me zai sa mutum ɗan shekara 46 ya riƙa takawa daga Sawaba zuwa Aboabo kullum saboda malmalar tuwo ɗaya ba.

Tun 2019 muka rabu da uwar 'ya'yana, ta koma wajen danginta a Ejura da yaran, ni na rage a ɗaki ni kaɗai. Sana'ata saida kayan gyaran mota a Suame Magazin, daga safe har yamma ina kan kujera ɗaya, yaron shago ne ke hawa ya sauko da kaya in an zo saye. Da safe koko da suga cokali uku da ƙosai da burodi. Da rana waakye, wato shinkafa da wake, a zuba min taliya a zuba gari a kwarara mai. La'asar lemon kwalba mai sanyi saboda zafin Magazin, wani lokacin biyu. Da dare kuwa sai wajen sha ɗaya nake tuna ban ci komai ba, in fita wajen mai shayi ya soya min indomi biyu da ƙwai, ya haɗa shayi da madarar gwangwani mai kauri, a ƙulle min a leda in koma ɗaki in zauna bakin gado, waya a hannu ɗaya cokali a ɗaya, ina gamawa in kwanta a wurin. Tukunyar gas ɗina ta shekara biyu ba a cika ta ba, ƙura ta rufe ta, a kanta nake tara robobin tekawe. Wa zai kunna wuta ya jajjaga kayan miya saboda baki ɗaya? Haka nake gaya wa kaina kullum.

Telana ne ya fara faɗa min, da babbar sallah, ya zagaya tef a ƙuguna yace Mallam ma'aunin bara ba zai shige ka ba fa. Ban ɗauke ta wata magana ba. Sai a watan Nuwamba, makon da ake ranar ciwon suga ta duniya wato 14 ga wata, wasu nas-nas suka kafa tebur a ƙofar masallaci bayan Juma'a suna gwaji kyauta. Aka tsaga min yatsa, yarinyar ta kalli na'urar ta kalle ni, tace Baba ka zo asibiti da safe kafin ka sa komai a bakinka. Naje. Awon sugan jinina ya nuna 6.7. Wata babbar nas ta zaunar da ni tace in ya kai 7.0 mutum bai karya ba, aka sake gwadawa ya maimaita, toh ciwon suga ne ya tabbata, wanda maƙwabtanmu Asante ke ce ma asikyire yare, ni kuma ina bakin ƙofa ne ban shiga ba tukuna, kuma daga bakin ƙofa ana iya juyawa. Sannan tayi min wata tambaya da har yau tana raina. Bata ce me kake ci ba. Cewa tayi wa ke dafa maka, kuma kai da wa kake ci? Nayi shiru, don amsar duka biyun ba kowa.

Wani mai walda da muke layi ɗaya a Magazin shi ya kai ni gidan a watan Janairu, shi ya fi shekara yana ci a can.

Gidan irin tsohon gidan haya ne na Zango, ɗakuna a zagaye tsakar gida a tsakiya, akwai bishiyar darbejiya ɗaya babba, a ƙarƙashinta ake shimfiɗa tabarmi uku. Ba allo a ƙofa, ba suna, in ba an kawo ka ba zaka wuce baka sani ba. Mu goma sha huɗu ne, tace bata ƙara ko mutum ɗaya saboda ita da jikokinta mata biyu ne ke aikin. Ana biya farkon wata ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, ko a hannu, ni na fara da sidi 600, dare shida a mako, ban da Lahadi saboda Lahadi ranar biki da suna ce a Zango kuma Hajiya bata fashin zumunci. Ana sauke abinci ana idar da magariba, kafin a kira isha'i an wanke kwanuka. In ka makara sai dai ka tarar da naka a rufe, amma zaka sha tambaya.

Dalilin da yasa take irin wannan girkin ita da kanta take ba kowane sabon zuwa labari. Maigidanta direban babbar mota ne, Kumasi zuwa Bawku har Wagadugu, rabin rayuwarsa a hanya, abincin tasha da lemo shine abincinsa. Ba a gano yana da suga ba sai da ƙusa ta soke shi a ƙafa bai ma ji ba, ciwon ya ƙi warkewa, aka yanke yatsa, daga baya aka yanke ƙafar, bai shekara biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Tana faɗa tana juya miya, tace ɗana, da ace a gabana yake cin abinci kullum da na lura yana yawan shan ruwa yana yawan tashi fitsari, amma mutumin da yake shi kaɗai wa zai lura da shi. 'Yarta nas ce, ita ta tsara mata yadda za a riƙa zubawa.

Toh bari in zo kan abincin kansa.

Tuwonta ba irin tuwon zafin da muka saba bane mai santsi fari sol da ake haɗa garin masara da garin rogo. Na dawa take yi, wani lokacin gero, kuma bata bari a surfe shi tas, shi yasa launinsa ja-ja ne yana da ɗan kaushi a harshe. Malmala ɗaya ce kamar dunƙulen hannunka, shikenan. Ranar farko na ɗauka somin taɓi ne za a ƙaro, ba a ƙaro ba. Amma miya kam sai ka ce ya isa, kwanon miyar ya fi na tuwon girma, ayoyo ko kuka ko busasshiyar kuɓewa, da daddawa ta gaske wadda tun daga zaure kake jin ƙamshinta, da busasshen kifi ko naman zabo in an samu. Wanda ya fi min duka shine miyar yakuwa da gyaɗa da take yi ran Litinin, tsaminta daidai, gyaɗar bata yi yawan da zata ɗaure maka ƙirji ba, wallahi rabona da irin wannan miyar tun mahaifiyata na da rai. Ran Talata tubani ne, a ganye take naɗe shi ba a leda ba, a yanka a barbaɗa yaji da albasa da ɗan mai kaɗan, shi wannan yana riƙe ciki har safe. Laraba ampesi na ɗanyen borode, ayabar nan ta dafawa, wanda bai nuna ba da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, ta koya wajen maƙwabciyarta Ba'asantiya kuma ta iya. Alhamis waakye, amma nata wake ya fi shinkafa yawa nesa ba kusa ba, ba taliya ba gari, sai kabeji da tumatir da dafaffen ƙwai ɗaya da shito. Juma'a tuwo kuma. Asabar dambu da zogale, zogalen har ya fi tsakin yawa, ana tafa shi da hannu.

Abin sha ruwa ne a randa, sai sobolo, wato zoɓo, da citta da kanumfari ba suga ko ƙwaya. Makon farko kurɓa ɗaya nake in ajiye. Yanzu in na sha na kasuwa sai naji kamar zuma aka narka min.

Ba zan ɓoye muku ba, makonni biyun farko na ji yunwa. Ina barin gidan in biyo ta gaban mai shayinmu ƙamshin ƙwai ya doke ni, sau uku na zauna na ci. Na faɗa wa Hajiya, bata yi faɗa ba, tace Mallam cikinka ya saba da a cika shi har wuya ne, ka bashi kwana ashirin, ta ƙara min miya da wake bata ƙara tuwo ba. Akwai wani dattijo malamin makarantar allo da muke tabarma ɗaya, shi ya tuna min hadisin nan na raba ciki uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, yace mun haddace shi tun muna yara amma a gaban kwano muke mantawa. Kuma gaskiya ne wajen mako na uku abin ya lafa.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, don shine ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu. Da farko ni a tunanina abincin kawai nake saye. Wata ran Asabar 'yar Hajiya ta zo, muna hira nace mata Anti nas, wai da gaske zaman kaɗaici na jawo suga ko dai tsoratarwa ce irin taku ta asibiti? Tace ba tsoratarwa bace, an yi bincike a kai ba ɗaya ba ba biyu ba, ta nuna min a wayarta, ni ma daga baya na bi na karanta da kaina. A Jamus, yankin Augsburg, an bi mutane shekaru aka ga mazan da ke zaune su kaɗai sun fi kamuwa da suga nau'i na biyu, irin wanda ya fi kama manya, amma a mata ba a ga haka ba. A Holan ma, garin Maastricht, wani bincike da ya fito a 2017 kan mutum kusan 2,900 ya nuna haka, namijin da ke shi kaɗai yiwuwar a same shi da ciwon ta kusa ninka ta wanda ke cikin iyali, mata kuma babu wannan bambancin. Ni wannan bai bani mamaki ba ko kaɗan, mace ko ita kaɗai ce zata ɗora tukunya, zata shiga maƙwabta, tana da adashi tana da biki, mu maza kuwa da zarar matar ta tafi murhun ma ya mutu. Sai kuma na Ingila da ya fito a 2020, mutum sama da 4,000 'yan shekara 50 zuwa sama aka bi su wajen shekara 12, su abinda suka gano shine ba zama kai kaɗai a ɗaki ne kawai matsalar ba, jin kaɗaici a zuciya shine ya fi hasashen wanda zai kamu. A Norwe aka bi mutum wajen 24,000 shekara 20, waɗanda suka ce kaɗaici ya yi musu yawa sosai haɗarinsu ya ninka na waɗanda basa jin haka.

Nace toh ta yaya kaɗaici zai shiga jini? Tace ta ƙofa biyu. Ɗaya a fili take, abincin titi, cin dare, lemo, rashin motsi, rashin barci saboda waya, ga ba mai ce maka kai wane ka rame ko ka kumbura je asibiti. Ɗayar kuma a ɓoye, damuwar da bata ƙarewa tana sa jiki ya riƙa sakin wani sinadari da ake ce ma kotisol, shi kuma yana ɗaga sugan jini yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, yadda ya kamata, ga shi yana sa ka kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Kuma kada wani yace ai ciwon Turawa ne, akwai binciken RODAM da aka yi kan 'yan Gana na gida da na Turai wanda ya fito a 2016, a ɓangaren birni har da nan Kumasi aka gwada mutane, maza wajen 1 cikin 10 aka samu da suga, a ƙauye kuwa ko rabin haka bai kai ba. Ku lissafa sahu ɗaya a Babban Masallaci ran Juma'a mutum nawa ne.

Ni ban gama yarda ba sai da na gwada a jikina, ba da niyya ba ma. Hajiya na da tsarin aikawa, in ba zaka iya zuwa ba ka ƙara sidi kaɗan ɗan okada ya kawo maka. Da ruwan Yuni ya tsananta, kun san yadda Aboabo da Sawaba suke in an yi ruwa, kwata ta cika hanya ta zama taɓo, sai nace a riƙa kawo min. Mako uku nayi a haka. Abinci ɗaya ne fa, tukunya ɗaya hannu ɗaya. Amma me ya faru? A kawo bakwai da rabi in ajiye nace sai anjima, in kama waya, sai sha ɗaya in buɗe ya huce, tuwon dawa in ya huce kun san yadda yake, sai in leƙa shago in sayo burodi da lemo in haɗa, in ci a bakin gadon nan dai in kwanta. Tafiyar minti ashirin zuwa da minti ashirin dawowa da nake yi kullum ta tsaya, wadda ita kaɗai in ka tara a mako ta wuce minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a yi. Barcina ya koma yadda yake da. Cikin mako ukun nan duk halina na baya ya dawo tsaf kamar dama yana bayan ƙofa yana jira. A nan na gane rabin abinda nake biya ba a cikin kwano yake ba, a kan tabarmar yake. A gaban mutane kana ci da wuri, kana ci a hankali saboda ana hira, wani na bada labarin ƙungiyar ƙwallon Kotoko wani na gardamar siyasa wani na tambayarka ya yaran, baka iya zaro lemo daga aljihu saboda idon Hajiya, in an gama ku tashi tare kuyi isha'i sannan kowa ya kama hanya da ƙafa. Don haka ni shawarata kada wani ya shiga tsarin aikawar nan in dai ƙafarsa na iya kai shi, kuɗinka ne kawai zai tafi.

Akwai wani abu ɗan ƙarami da na gani da ya zauna min a rai. A gidan nan kaf suga na wuri ɗaya ne, wani ɗan gwangwani a kan tagar ɗakin Hajiya da ƙwayoyin suga a ciki. Na tambaya tace na Alhaji ne, wani dattijo cikinmu da ke allurar insulin. Masu allura da masu shan wasu ƙwayoyin sugansu kan iya faɗuwa ƙasa, jiki ya kama rawa zufa ta karyo mutum ya rikice, in ba a bashi zaƙi da sauri ba har suma yake. Sau ɗaya ya faru a gabana, yayi allura ya taho abinci ya ɗan makara, muna zaune sai muka ga hannunsa na karkarwa yana magana bata haɗuwa, kafin mu gane me ke faruwa jikar Hajiya ta jiƙa suga a kofi ta miƙa masa, cikin minti kaɗan ya dawo daidai. Da a ɗakinsa ne shi kaɗai da ƙofa a kulle fa? Na daɗe ina tunanin wannan a hanyar komawa.

Toh sai laifuffuka, don akwai su kuma na faɗa mata a gabanta kafin in rubuta.

Gishiri da dunƙulen ɗanɗano suna yawa a miya, musamman in jikokin ne suka ɗora. Wannan ba ƙaramin abu bane tunda da yawa daga cikin masu suga ko masu dab da shi suna fama da hawan jini, a tabarmarmu kaɗai mutum uku ne ke shan maganinsa. Daddawar da take sawa ta isa ta ba miya daɗi, ban ga amfanin ƙarin ba. Manja ma ran kontomire yana yin sama yayi ja, ni sai na tsame gefe. Na biyu, kuɗi. A wata na biyar aka wayi gari ta koma 700 ba sanarwa, ranar biya muka ji. Na san kayan miya sun yi tsada, duk mai shiga kasuwar Aboabo ko Kejetia ya sani, kuma ko a 700 ɗin in na lissafa abinda nake kashewa da a wajen mai shayi da lemo, wanda shima ya ƙara kuɗi tun da aka sa masa harajin kashi 20 a 2023, har yanzu ina da riba, amma mai albashi ko mai facin taya ya kamata a gaya masa tun da saura mako biyu ya shirya. Mutum ɗaya ya bari saboda haka kuma naji zafin tafiyarsa, don shi ya fi mu buƙata. Na uku sauro, ƙarƙashin darbejiyar nan da damina sai ka zo da safa. Wurin wanke hannu ma buta ɗaya ce da roba ɗaya ga mutum sha huɗu, sabulu wani lokacin sai an nema. Ɗan okadan aikawa kuwa sau biyu ya kawo min miya ta zube a leda.

Wanda ya fi damuna shine maganar magungunan gargajiya da ake yawan yi a wurin. Kowa da nasa, wannan yace shuwaka, wannan yace ganyen mangwaro, wancan yace prekese. Har wani bawan Allah da likita ya ɗora kan metformin, ƙwayar ciwon suga, ya ajiye ƙwayarsa wai tunda yana cin abincin Hajiya yana shan jiƙo ya warke, kuma Hajiya ta sani tayi shiru don tana jin nauyinsa, ya girme ta. Sai da 'yarta ta zo ta gwada shi ta ga inda sugan ya kai, ta durƙusa a gabansa tace Baba don girman Allah ka koma kan maganinka, abincin Mma taimako ne ba magani bane. Ya koma. Ni ina ganin gidan da aka buɗe saboda wannan ciwon bai kamata a bar irin wannan maganar ta wuce ba a tanka ba, ko wa ya faɗe ta.

Kuma abincin dare kawai take ɗauke maka, safe da rana suna wuyanka. Ni koko na rage suga daga cokali uku zuwa rabi, na bar burodin na riƙe ƙosai, waakyen rana nace a daina zuba min taliya da gari tare. Lemo shine ya fi wahalar bari. Abinda ya taimake ni lissafin da Anti nas tayi min, tace kwalba ɗaya akwai suga wajen cokalin shayi 8, alhali abinda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce a yini gaba ɗaya wajen cokali 12 ne, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ta ɗebo cokali takwas ta zuba a faranti ta ajiye a gabana tace kalla. Tun ranar in na ga kwalbar farantin nake gani.

Da azumi ta juya tsarin ya koma buɗa baki, dabino uku, kunun gero ba suga, sannan abinci bayan magariba, ba pinkaso ba masa sai ran Juma'a guda ɗai-ɗai. Shekara biyar kafin nan ni kaɗai nake shan ruwa a shago ko a ɗaki in ban samu na masallaci ba.

Na koma gwaji ƙarshen Mayu, kafin wancan mako ukun na aikawa, ya nuna 5.9, wandunana kuma sai da aka rage musu ƙugu. Nas ɗin tace an samu ci gaba amma in ci gaba da zuwa gwaji, kada in ɗauka an gama. Akwai katin inshorar lafiya na NHIS, in naka ya mutu ka sabunta ta waya ka je a duba ka, ko asibitin kusa da kai ko babban asibitin Komfo Anokye, gwajin yatsa ko minti biyu baya kaiwa.

In za a ce in ba gidan maki cikin goma, abinci takwas saboda gishirin, tsafta bakwai, aikawa huɗu. Zaman tabarmar kuwa bari in baku labarin makon jiya. Zazzaɓi ya kwantar da ni, Litinin ban je ba, Talata ban je ba, wayata ta mutu ban iya tashi na sa caji ba. A 2021 na taɓa kwana huɗu a ɗakin nan da irin wannan zazzaɓin ba wanda ya ƙwanƙwasa, da rarrafe na kai kaina kemis. Wannan karon daren Talata wajen takwas da rabi naji sallama a ƙofa, mai waldan nan ne da malamin makarantar allo, dattijo da sandarsa ya tako taɓon Sawaba, da kwano a ɗaure cikin ɗankwali, farfesun kifi ne da zafinsa. Suka ce Hajiya tace kwanonka ya kwana biyu a rufe, a zo a ga lafiya. Suka tsaya sai da na sha, mai waldan ya fita ya tsaro pragya, keken nan mai ƙafa uku, suka kai ni aka gwada jini aka bani maganin maleriya. Ran Alhamis da na koma ban ma gama sallama ba ta ɗago daga bakin murhu tace Mallam lambar wani ɗan'uwanka zaka bani yau, in sake nemanka ban same ka ba in san wa zan kira. Na bata ta ƙanena da ke Tafo, ta sa jikarta ta rubuta a bayan littafin da take rubuta kuɗin wata, ƙasan lambobin sauran mutum goma sha uku.